Ƙawayena zasu zo ganin garinmu, ni kuma ban san komai a kansa ba

Assalamu alaikum Anti, barka da ƙoƙari. Dan Allah shawara nake nema kafin kaina ya fashe. Ƙawayena biyu da muka yi jami'a tare ne zasu kawo min ziyara ƙarshen watan gobe, kwana huɗu zasu yi. Bara ni na je garinsu kuma wallahi sun yi min hidimar da har yau in na tuna sai na ji nauyi, kullum da inda za'a kai ni, ga ciye-ciye ga hotuna. Yanzu sun ce saura ni, suna so su ga tsofaffin gine-ginen garinmu da suke jin labari, su kuma ci abincinmu. Toh Anti ni a garin nan aka haife ni amma ko ɗaya ban taɓa shiga ba, wucewa kawai nake ta gabansu, in aka ce in faɗi wanda ya gina ko shekarar da aka gina sai dai in yi tsuru-tsuru. Ɗayar zanen gine-gine ta karanta, tambaya gareta kamar lauya, ɗayar kuma olsa ce da ita ba komai take ci ba. Na zauna na rubuta wurare 11 a takarda, da na duba jakata sai jikina ya yi sanyi. Har na fara tunanin ince musu tafiya ta kama ni. Ya zanyi?

Ƙanwarki mai fargabar baƙi

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Maganar tafiyar ƙarya dai ki binne ta tun yanzu, ramin ƙarya ƙurarre ne, ranar da kika ce musu kina kan hanya ranar zaki manta ki ɗora hoto a WhatsApp daga tsakar gidanku, kinga an rasa ziyarar an kuma ɓata ƙawancen shekara da shekaru akan abin da bai taka kara ya karya ba.

Na karanta wasiƙarki sau biyu, abin da na gani shine kin ɗauki zuwan nan kamar jarrabawa za'a yi miki, ke ce ɗaliba, ƙawarki mai zanen gine-gine ce malama da jan biro a hannu. Shi yasa kika jera wurare 11, irin na ɗalibin da bai yi karatu ba sai ya cika takarda da rubutu ko Allah zai sa a tausaya masa. Rashin shiga wuraren nan kuwa ba ke kaɗai bace, kusan kowa haka yake da garinsu, abin da kake wucewa ta gabansa safe da yamma ido yakan daina ganinsa, sai baƙo ya zo ya tsaya ya saki baki sannan kaima ka ɗaga kai. Ni ɗin nan da kike tambaya sai da na haura talatin kafin na taka cikin ginin da ya fi kowanne tsufa a inda nake zaune, kuma baƙi ne suka ja ni.

Bari ma in baki labarin ranar don kada ki maimaita wautar da na yi. Baƙi uku na yi, na tsara musu wurare shida a wuni ɗaya, muka fita tun bakwai na safe ina ta jin kaina. Na farko lafiya lau ana hoto ana tambaya, na biyu ma haka. A na uku muna tsaye bakin ƙofa ɗaya ta tambaye ni shekarar ginin nawa, kunya ta hana ni ince ban sani ba, sai na gyara murya na ce "ai ya kai shekara dubu". Ashe mai gadin wurin yana gefe a kan benci, wani dattijo da makullai ɗaure a igiya a wuyansa, yana ta fama da batirin rediyonsa. Ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "'yata, wannan bangon da kike jingine da shi ina cikin waɗanda suka yi leburancinsa." Ji nayi kamar ƙasa ta tsage in shige. Wuri na biyar kuwa babu wadda ta fito daga mota, ɗaya ta yi barci baki buɗe, ɗaya ta cire takalmi tana duba bororon da ya fito mata a dunduniya, na shida ni da direba kaɗai muka san an je shi.

Wannan gajiyar sananniya ce wurin masu kula da gidajen tarihi. Tun 1916 wani ma'aikacin gidan adana zane-zane na Boston a Amurka, Benjamin Gilman, ya yi rubutu akanta, har ya sa aka ɗauki hotunan mutum yana durƙuso yana ɗage yana sunkuyo duk don ya ga kayan da aka jera, ya nuna cewa kallo shima aiki ne mai cin jiki. A wani babban gidan tarihi na Niyok ma an taɓa bin masu kallo da agogo, aka ga yawanci ko rabin minti basa yi gaban shahararren zane. Toh ke kuma kina so ki ɗura wa mutum biyu gine-gine 11, ga zafin rana ga gajiyar hanya, ɗaya ma ga olsa.

Ki yi lissafin da gaskiya. Kwana huɗun nan ba huɗu bane, ranar isowa ta wanka ce da hira da barci, ranar tafiya ta haɗa kaya ce da sauri kada a makara, kwana biyu ne cikakku a hannunki. A kowanne ki sa babban wuri ɗaya da safe, ƙarami ɗaya da la'asar, tsakiyar rana kowa ya miƙe ƙafa a gida. Huɗu kenan, in an matsa biyar. Yadda zaki zaɓa ma ba sai kin wahalar da kanki ba, ki ɗauki hoton takardar nan taki ki tura musu kice kowacce ta zaɓi ɗaya da ba zata yafe ba, ke ki zaɓi ɗaya da yake da alaƙa da ke, na huɗun ki bar shi a buɗe. Sannan ki duba waɗanda suke kusa da juna ki haɗa su rana ɗaya, don a tsohon gari abin da ke tsakanin gini da gini, lungunan nan da mota bata shiga, sau da yawa ya fi ginin kansa daɗin kallo, wanda yake cikin mota gilas a rufe kuma bai ga gari ba. Safe da la'asar ɗin da na ce ba don gudun zafi kaɗai bane. Lokacin rana tana bugun bango daga gefe, duk wani zane ko sassaƙa ko shatin hannun magini sai ya fito da inuwarsa raɗau, da azahar kuwa hasken daga sama yake zubowa, bangon sai ya koma shafal kamar allo, hoton ma ba kyau yake ba.

Yanzu ga aikin da nake so ki yi, kuma shine rabin maganin damuwarki. Kina da kusan wata guda. Ki je wuraren nan da ƙafarki kafin su zo, ke kaɗai ko da wani ƙaninki. Ki gano ranar da ake rufewa, don gidajen tarihi da yawa suna da rana ɗaya a sati da basa buɗewa, galibi Litinin, babu abin da ya kai ka kwaso baƙi ka tarar da kwaɗo a ƙofa ciwo. Ki tambaya ko sai da izini ake shiga, ko ana barin hoto, in wurin ibada ne wane lokaci ne baƙo zai iya leƙawa ba tare da ya takura masu ibada ba kuma wace irin shiga ake so. Ki duba inda banɗaki yake da inda za'a zauna a inuwa, wannan ba wanda yake tunawa da shi sai buƙata ta taso. Uwa uba ki nemo mai makulli. Kowane tsohon gini yana da mutumin da ya tsufa a jikinsa, mai gadi ne, mai shara ne, ko wani dattijo da shagonsa ke kallon ƙofar shekara talatin. Ki gaishe shi da kyau, kada ki faɗa masa da tambaya kamar 'yar sanda, ki ce Baba a garin nan aka haife ni amma ban san wurin nan ba, kuma zan kawo baƙi rana kaza. Da ɗan gari kan ci gari. Wannan dattijon da ya kunyata ni, da na koma na bashi haƙuri na zauna a ƙarshen bencinsa, shi ya buɗe min wata ƙaramar ƙofa da ba'a buɗe wa kowa, ya nuna min ɓangaren da yake tsoho na gaske, ɗan ɗaki ne da bai fi tabarma uku ba, duhu, sanyi kamar cikin randa, dokin ƙofarsa na dutse ya lotsa a tsakiya saboda ƙafafun da suka taka shi. Sai dai ki sani su ma masu makullin nan wani lokaci suna ƙara gishiri, labarin aljanu da ramin da ya ɓulla wani gari baya ƙarewa a bakinsu. Ki saurara ki ji daɗi, amma in zaki maimaita wa baƙi ki sa "ance" a gaba.

Kada kuma ki manta da tsofaffin gidanku. Kakarki ko wata gwaggo da ta manyanta ta san yadda bakin ƙofar nan yake tana yarinya, me ake sayarwa a wurin, wa ke zaune a gidan da yanzu ya zama kango, wace shekara ruwa ya ci gefe ɗaya. Wannan babu shi a intanet, ƙawarki mai digiri ma bata da shi.

Toh sai maganar da ta fi tsorata ki, wato me zaki ce in kun tsaya gaban ginin. Ki daina tunanin haddar shekaru. Akwai abubuwan da ido zai nema a jikin kowane tsohon gini a ko'ina yake a duniya, in kin san su ba zaki tsaya kamar gunki ba. Fara da bango. Ki tsaya a bakin ƙofa ko taga ki auna kaurinsa da hannunki, ki sa su ɗora tafin hannu a jikinsa ta ciki da rana tsaka su ji sanyinsa. Bango mai kauri na ƙasa ko na dutse zafi baya ratsa shi nan take, sai ya ɗauki awoyi yana tafiya a hankali, kafin ya iso ciki dare ya yi gari ya huce, shi yasa ɗakin yake da sanyi da rana da ɗumi da dare ba fanka ba komai. Ƙananan tagogin nan da suke can sama ma ba rashin wayewa bane, iska mai zafi sama take tashi ta fice ta nan, rana kuma bata samun hanyar shigowa sosai.

Daga nan ki ɗaga kai ki yi tambayar da ta fi kowacce amfani: me ya riƙe rufin nan? Kafin zuwan rodi da kankare, faɗin ɗaki yana hannun tsawon itacen da magini ya samu. In azararsa gajera ce dole ɗakin ya zama siriri, in kuma ana son babban zaure sai a cika shi da ginshiƙai, shi yasa zaki shiga wani tsohon wurin ibada ki ga ginshiƙi ko'ina kamar kurmi. Waɗanda suka so fili ba ginshiƙi sai suka koma ga baka, wato gini mai lanƙwasa kamar bakan maharbi, da ƙubba, ita kuma baka halinta shine tana tura nauyi gefe da gefe, tana so ta buɗe bangon, don haka duk inda kika ga baka ki duba waje zaki ga bangon ya yi ƙaton gindi ko an tokare shi da wani gini. Da kin gane wannan sai ki ga ginin ya daina zama tulin ƙasa, ya zama dabarar wani mutum da ya zauna ya yi tunani da abin da ke hannunsa.

Sai ruwa. Babban maƙiyin tsohon gini ruwan sama ne, ki nemi inda magina suka yi masa hanya, indararo ina yake, ina yake zubarwa, gindin bangon ya zaizaye ko an ɗaga shi kan dutse. In kika ga inda aka shafe bangon ƙasa da siminti ya kumbura yana ɓarewa falle-falle, ki nuna wa ƙawarki, ina tabbatar miki sai kin roƙe ta ta yi shiru. Siminti baya barin danshi ya fita, sai ruwan ya taru a bayansa ya jiƙa ƙasar, ranar da zai faɗo sai ya taho da naman bangon. Gyara ne da niyya mai kyau amma kashe gini yake. Ki kuma nemi faci: ƙofar da aka toshe amma shatinta yana nan, inda launin tubali ya canza, layin da ya nuna an ƙara tsawo daga baya.

Facin nan shi zai cece ki daga irin ƙaryar da na yi, don tambayar "shekararsa nawa" yawanci amsa uku gareta: yaushe aka fara gini a wurin, yaushe aka yi wanda muke gani yanzu, yaushe aka yi masa gyaran ƙarshe. Kuma ba garinku kaɗai ba. Babban masallacin Jenne a Mali, wanda duniya ta sani a matsayin ginin laka mafi girma, wurin tsoho ne ƙwarai amma ginin da ke tsaye yanzu na 1907 ne, kuma duk shekara mutanen gari suke fitowa su sake masa yaɓe, itatuwan giginyar nan da suka tsiro a jikinsa kamar ƙaya su ne matakalar masu yaɓen. Wato fatar ginin ko shekara ɗaya bata cika yi ba. Aya Sofiya ta Istanbul an gama ta a 537 a matsayin coci, ƙubbarta ta farko ta rufta a 558 aka sake wata, ta zama masallaci a 1453, ta zama gidan tarihi a ƙarni na 20, ta koma masallaci a 2020, hasumiyoyinta sun zo kusan shekara dubu bayan bangonta. Wanda ya fi bani dariya shine Pantiyon, wani tsohon gini na birnin Rum, mai ƙubbar da faɗinta ya kai mita 43. A goshinsa an rubuta da manyan baƙaƙe cewa Agiripa, wani babban kwamandan Rumawa, ne ya gina shi, mutane suka yi ɗaruruwan shekaru suna karantawa suna gyaɗa kai, sai da aka duba tambarin da ke jikin tubalan aka gane na Agiripa ya ƙone tuntuni, wannan an yi shi fiye da shekara ɗari bayansa, aka gama a zamanin sarki Hadriyan, shi kuma ya mayar da sunan mai ginin farko. Toh in rubutun da ke goshin gini zai iya ruɗar masana, ke wace ce da zaki ji kunyar cewa ban sani ba?

Ki faɗe ta kawai. "Wallahi ban sani ba, zo mu tambayi Baba." Matambayi baya ɓata. Ita kuma ƙawar taki mai tambaya kamar lauya, ki juya abin, ki mayar da ita malamar da kike tsoro amma mai koyarwa ba mai ba da maki ba. Mutumin da ya karanta abu babu abin da yake so irin a tambaye shi. Kice mata ke da kika karanta, me yasa wannan bangon ya fi wancan kauri, wannan tsagar mai haɗari ce ko ta tsufa ce kawai. Zata yi ta zuba har ku gaji. Ita ta san bango, ke kin san mutanen da ke zaune a bayansa, kuma abin da ba zata samu a littafi ba shine ki tsaya a wani lungu kice nan ne hanyar makarantarmu, a gindin bangon nan muke fakewa in ruwa ya tare mu, nan na taɓa faɗuwa na fasa gwiwa. Kada ki raina irin wannan, garinku suka ce zasu gani, kuma saboda ke suka san da shi.

Abinci kuma. Ranar farko kada ki gwada bajinta, abu mai sauƙi na gida, cikin matafiyi a rikice yake. Ki kira mai olsar tun yanzu ki tambaye ta kai tsaye me ke tayar mata, don masu olsa ba ɗaya suke ba, wata yaji ne, wata tsami, wata maiƙo, da yawa kuma zama da yunwa ne babban abokin gabarsu, don haka kada ki tsara fitar da zata kai ƙarfe uku ba'a ci komai ba, ki riƙe ɗan abin taɓawa a jaka. Yaji a ajiye shi gefe kowa ya zuba daidai bakinsa. Ga wani abu da mutane basa kula da shi: in an dawo daga yawo ƙafa na ciwo kada ki miƙa mata ibuprofen ko diclofenac ko asfirin, irin waɗannan suna cin bangon ciki, su ne ma suke jawo wa wasu olsar, in dole ne farasitamol ya fi mata. Ki tambayi su biyun ko akwai abin da jikinsu baya karɓa, mai borin jini akan gyaɗa ko kifi ba wasa bane.

Na waje kuwa, ki tuna cikinki ya saba da ƙwayoyin cutar garinku, nasu bai saba ba, abin da kike ci shekara ashirin lafiya lau zai iya kwantar da baƙo kwana biyu, kwana biyun nan kuma su ne duka ziyarar. Ki kai su inda ake layi, inda tukunya bata zama, a dafa ko a gasa a gabanku a ci da zafinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a ajiye ba wuta ba firij, toh ki auna da abin da aka jera tun safe a tire. Ƙanƙarar da baki san ruwanta ba, da ɗanyen ganye, da 'ya'yan itacen da aka yanka aka bari a buɗe, ki kauce musu da dabara ba sai kin tsorata kowa ba. Ki ajiye ORS a gida, wato garin gishiri da suga na masu gudawa, in babu, lita 1 ta ruwa mai tsafta da ƙaramin cokali 6 na suga da rabin ƙaramin cokali na gishiri. In gudawa ta zo da jini ko zazzaɓi mai zafi asibiti za'a je ba jiƙo ba.

Kada ki sai wa kowa faranti cike da abin da bata taɓa ci ba, ki sayi kaɗan-kaɗan kala uku huɗu ku haɗa hannu, wadda ta ji daɗin wani a ƙaro mata. Kuma dan Allah banda "ci mana, ai baki ci komai ba" sau goma, baƙo yakan cusa abin da baya so saboda kunya ya kwana yana juyi. Babban kuskuren da nake gani shine mutum ya kwashi baƙi ya kai su gidan abinci mai gilas da sanyin AC inda ake sayar da abin da suke da shi a garinsu, ya ƙone kuɗinsa, su kuma su tafi basu ɗanɗani garin ba. Abincin gari na gaske a gidaje yake. Ki roƙi Mama ko wata gwaggo mai hannu ta yi musu abu ɗaya da aka san gidanku da shi, da safe ki kai su kasuwa a sayo kayan haɗin tare, su ga abin a ɗanyensa su sunsuna su tambayi suna, in an dawo a basu kujera a kicin. Kinga kasuwa ta shiga cikin wuraren kallo, abincin rana ya fito, ba ki biya kuɗin shiga ko'ina ba.

Tunda mun zo kan kuɗi, banda bashi. Hidimar da suka yi miki bara ba adashi bane da zaki zuba daidai abin da kika ɗauka. Abin da zai fi cin kuɗinki zirga-zirga ce, kuma in kin rage wuraren kin haɗa na kusa da juna kin riga kin kashe rabinta. Ki ware ɗan abin da zaki ba mai makulli, ya cancanta. In sun ce zasu biya mai ko kuɗin shiga ko abincin dare ɗaya, ki yi ja-in-jar da ta dace sau ɗaya ki bari, ƙawayen jami'a ne, sun san ki lokacin da kuke raba sabulu ɗaya, ba yau zasu fara ganin aljihunki ba. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, mai masaukin da take ta lissafi a zuci fuskarta bata ɓoyewa, baƙo kuma yana gani sai ya tsargu.

Akwai abin da baki rubuta ba amma na san yana ranki, don nima ya taɓa damuna: bolar da ke gindin tsohon bango, da kwatar da ta cika, da rubutun da yara suka yi da gawayi, da gefen da ya rushe ba wanda ya kula. Kada ki yi ta zagaye da su ta wata hanya don kada su gani, kada kuma ki yi ta basu haƙuri kamar ke kika zubar. Garinsu ma akwai, ke ce baki lura ba saboda kina baƙuwa. In mai zanen gine-ginen ta yi tsaki akan yadda aka bar wurin ya lalace ba ke take zagi ba, ciwon ginin take ji, ki taya ta.

Wancan gurbi na huɗu da na ce ki bari a buɗe, ranar ƙarshe ki tambaye su ina suke so a koma. Sau da yawa baƙo ba sabon wuri yake so ba, wanda ya gani jiya a gurguje yake so ya sake gani a natse, ko ya koma wurin mai abincin nan, ko ya sayi tsaraba. Asabar ɗin nan ki ɗauki takardarki ki je wanda ya fi kusa da gidanku cikin 11 ɗin, da la'asar, da takalmi mara tsini, ki gaida wanda kika tarar a bakin ƙofa ki tambaye shi wane ɓangare ne tsohon na gaske. Ki rubuto min abin da ya ce miki.